Ƙuda a Bayan Tulu

A unguwarmu ta bakin kogi, can gangaren Limoges, in ka tambayi gidan Léonarde Mazabraud sai an tsaya tunani. Amma ka ce Mai Kunne kake nema, ko wanda ya tare jiya zai nuna maka gida na uku daga tsohuwar gada, mai koriyar taga. 'Yar guntuwar mace ce, busasshiya, ba ta dariya sai da dalili. Duk faratanta a yanke suke ban da na yatsan tsakiya, kuma da farcen nan ɗaya ta ci abinci tsawon rayuwarta.

Tana da shekara goma sha uku aka kai ta masana'antar tangaran, ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe da rufewa, aka sa ta ɗakin tantancewa. Aikin ba shi da wani kwarjini. Kaya su fito daga tanderu, su huce, a jere su a dogon tebur, mata su bi su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga ga haske, a ɗalla musu farce. Lafiyayyen tangaran yana amsawa, amonsa ya ɗan jima a iska kafin ya ɗauke. Mai tsaga kuwa, ko da tsagar ta fi gashi siranta, ko ido bai gan ta ba, sai ya ce "ƙwas", ya yi shiru. Shekara arba'in da biyu ta yi a bakin teburin nan, har ta kai ana zuba kaya a ɗaki na gaba za ta ce akwai matacce a ciki, a duba a same shi.

Da ta ajiye aiki sai Chabrely mai gwanjo ya jawo ta. Shi ake kira in an yi rasuwa a babban gida, magada suna son a sayar da kaya. Mutum ne mai tumbi da daɗin baki, ya san kujera, ya san agogo, amma in ka miƙa masa tulun ado iyakarsa ya juya shi ya karanta tambarin da ke ƙasa. Wannan ɗabi'a ce ke ƙona wa Léonarde rai.

"Tambari!" takan ce. "Ni ma ba ni buroshi da shuɗin fenti in rubuta maka sunan sarki a ƙasan kwanon kare. Ajiye, kafin ka fasa wa mutane."

Ita sai ta fara jinjina tulun ta ji nauyinsa. Ta kai shi taga ta ga irin farinsa, ta bi ruwan zinaren ta ga inda tsumman 'yan aiki ya cinye shi cikin shekara ɗari. Inda take zargin an yi gyara, haƙori take sawa, don wurin da aka like ya fi laushi. Ka ga magada cikin baƙaƙen kaya sun yi tsuru-tsuru suna kallon tsohuwa tana cizon tulun kakarsu. Farce ne ƙarshe. Tambari kuwa sai in ta ga dama.

Tsofaffin tulunan ado na Faris yawanci ba guda ba ne: jiki daban, ƙafa daban, da siririn ƙarfe da ya ratsa tsakiya aka ɗaure shi da noti daga ƙasa. To in ƙafar wannan ta karye, jikin wancan ya fashe, sai marasa tsoron Allah su haɗa ragowar biyun su sayar a matsayin ɗan asali. Masu sana'ar suna kiran wannan aure, kuma a bakinsu babu zagin da ya fi shi muni. Léonarde ba ta taɓa barin aure ya wuce ta gabanta ba. Akwai matar wani likita da ta ce wa, "Madam, wannan aure ne," matar ta ce, "To da fa? Ai kyautar aurenmu ce." Léonarde ta ce, "Naki ban sani ba, nasa dai na ƙarya ne." Chabrely ya kwana uku yana ba da haƙuri.

A irin wannan yawo ne ta fara lura da abin da ta so a ce ba ta lura da shi ba. Gidan ma'aurata a nan, ko na talaka ne, ba ka rasa agogo a kantar murhu da tulu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kyautar biki. A ƙasansu kujeru biyu, ta maigida da ta uwargida, kowa da gefensa. Wata rana a wani ƙauye ta ɗalla na dama ya amsa, ta ɗalla na hagu ya ce ƙwas. Ta duba ciki da waje, ta ɗaga ga rana, ba ta ga tsaga ba. Sai ta ji bakinta ya tambayi matar gidan, "Marigayin a wane gefe yake zama?" Matar ta nuna hagu.

Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma gida na gaba ma haka, da wanda ya biyo shi. Ta faɗa wa Chabrely a mota, ya ce zafin murhu ne, namiji ya fi son tura itace ta gefensa. Ta ce to in macen ce ta rasu fa? Ya ce ta bari ya yi tuƙi.

Wanda ya tsaya mata a rai shi ne na wasu tsofaffi biyu, dukansu da ransu, suna sayar da kaya za su koma wajen 'yarsu. Mijin ja ne jawur, sai raha yake yana zuba musu kofi. Ta ɗalla tulun gefensa, ya ce ƙwas. Ta kasa shan kofin. Mutumin ya raka su har bakin mota yana tsokanarta wai ta ciji tulunsa shi kuwa ta ƙyale shi. Bayan mako uku ta ga sunansa a jarida, a shafin sanarwar rasuwa. Daga ranar ba ta sake kai farce kusa da tulunan gidanta ba. In za ta goge su sai ta cire zobe, ta naɗe hannu a tsumma mai kauri.

Mijinta Martial ɗan wuta ne, shekara arba'in yana ciyar da tanderu gawayi, har girarsa ta ƙone ba ta sake fitowa ba. Ƙato ne mai tafin hannu kamar faranti. Ba ya shiga coci, ko jana'izar abokinsa ce a waje yake tsayawa da hularsa a hannu. Ba su samu haihuwa ba, sai suka maida faɗa ɗansu, suna renonsa safe da yamma, kuma duk unguwa ta san in ɗaya ya yi tari ɗayan ba ya cin abinci. Danginsa ba sa mutuwa da wuri: ubansa sai da ya yi casa'in da biyar, a kan tsani ma ya faɗo. Ita kuwa uwarta da yayyenta mata biyu babu wadda ta ga saba'in.

Sau ɗaya ta gaya masa abin da take ji a gidajen mutane. Yana zuba jar giyar inabi a ragowar miyarsa, abin da ta tsana kenan, ya ɗaga kwanon ya kurɓe, ya goge baki.

"Tsohuwa, kin ciji tangaran har ya hau miki kai. Ƙasa ce fa da dutse, ni na gasa su da hannuna. Ban taɓa jin ɗaya ya yi mini duba ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma haka.

Tulunansu abokan aiki ne suka haɗa hannu suka sayo musu wajen mai tsofaffin kaya lokacin biki. Aikin Faris ne na gaske, sun girmi iyayensu, da hannaye masu ruwan zinare da damin jajayen furanni a gaba, iri ɗaya sak. Wani mai zane a masana'antar ya ce zai sa musu haruffan sunansu. Martial ne ya kwance ƙafafun ya kai masa, aka rubuta M a ƙarƙashin ɗaya, L a ƙarƙashin ɗaya, ya gasa da kansa. Ranar mayarwa Léonarde ta juya jikin ɗaya ta ga ɗan ƙaramin ƙuda an zana a baya, kusa da hannu. Ta san ma'anarsa, don masu zanen da in wuta ta bar tabo a jikin kaya sukan rufe shi da ƙwaro. Mai tantancewa ba ta ba mijinta mai tabo. Ta miƙa masa ta ce wannan a sa masa ƙafa mai L, ta juya ƙudan bango, ba ta gaya masa dalili ba. Shekara arba'in da biyar ƙudan yana kallon bango, a gefen kujerarta.

A hunturun da ta cika sittin da takwas wani ciwo ya kama ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Irin wanda ya fara wa yayarta ne, ta gane shi, don haka ba ta je likita ba. Ta ƙara huda a ɗamarar siket, ta riƙa tura rabin abincinta gefe tana cewa gishiri ya yi yawa, alhali ita ta dafa. Tana ganin ta ɓoye wa Martial. Sai bayan Ista ciwon ya fara sassautawa, haka kawai, kafin wata ya ƙare har tana neman ƙari. Ta yi murna a ɓoye kamar yadda ta yi ciwon a ɓoye.

Duk Lahadi bayan abincin rana Martial ne ke ba agogon da ke kan kantar murhu wani, ya murɗa shi da makulli. Lahadin farko ta watan Mayu, rana ta cika ɗakin, tana kwashe kwanuka, makullin agogon ya suɓuce masa ya bugi tulun gefensa.

Ƙwas.

Ba ƙara ce mai yawa ba, wani ma ba zai ji ba. Léonarde ta ji ta har cikin haƙoranta. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallon faffaɗan bayansa, tsoro ya rufe ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauki makullin, ya ci gaba da murɗawa, bai ko waiwayo ba.

Washegari da ya tafi lambunsa na bakin kogi, ta rufe ƙofa, ta shimfiɗa bargo a tebur, ta sauko da tulun. Ta ce wa kanta wataƙila makulli ne ya bugi hannun, ba jikin ba. Ta ɗalla farce a baki, wurin da ya fi amsawa. Ƙwas. Ta juya shi, ga M da ruwan zinare. Sai ta zauna ta yi kuka mai yawa, ta rungume tulun, ita da ko a jana'izar uwarta ba a ga hawayenta ba.

Hannu ba ya manta aikinsa. Tana kukan nan yatsunta suna juya tulun a hankali zuwa haske, yadda suka saba. Da bayansa ya zo gabanta sai ta ga ƙuda.

Ta goge ido ta sake dubawa. Yana nan kusa da hannu, da 'yan fukafukansa masu ruwan toka. Ta kifa tulun ta dubi notin. Noti mai shekara arba'in da biyar a wurinsa baƙi yake zama, wannan kuwa gefunansa suna ƙyalli inda sifana ta cije shi, kan ƙarfen kuma an doke shi da guduma ya baje, yadda ba zai sake kwantuwa ba. Ta sauko da na gefenta. Ƙasansa L, bayansa fes babu ƙuda, notinsa shi ma an dakushe. Ta ɗalla masa farce, ya amsa da wani amo mai tsawo, mai daɗi, har ta ji haushinsa.

Aure ne. A cikin gidanta, a kan kantarta, an ɗaura aure har biyu tana zaune. Mataccen jikin nata ne, wani ya ɗauke shi ya ɗora a kan sunansa, ya kai gefen kujerarsa. Ta ƙirga baya, ta tuna Litinin ɗin Ista da ta bi Chabrely wani gari ta wuni, ta dawo ta tarar da Martial ya share ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Ta kai hannu ƙarƙashin haƙarƙarinta ta danna. Babu ciwo ko kaɗan.

Da tsakar rana ya shigo da damin albasa mai kara a hammata. Ya ga tuluna biyu kwance a bargo, ya ga fuskarta, ya ajiye albasar a hankali.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

"Wane kaya kuma?"

"Martial, kada ka raina mini hankali. Shekara goma sha uku ina kama ɓarayin da suka fi ka iya hannu. Dubi notin nan, ko jaki aka ba sifana zai fi ka tsabtar aiki."

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Na ga suna girgiɗi ne, na ɗaure."

"Suna girgiɗi. Shi ne ƙafarka ta yi tafiya ta shiga ƙarƙashin tuluna?"

"Iri ɗaya ne fa, tsohuwa. Wa zai bambance?"

Ta juya masa bayan tulun ta dangwala farce a kan ƙudan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya san abin da ƙwaro ke rufewa, ɗan masana'anta ne.

"Tun yaushe wannan yake nan?"

"Tun kafin a haifi ubanka."

"Kuma kika ɗauka wa kanki, ba ki faɗa ba."

"Ba wannan muke magana ba! Kai da ka ce ƙasa ce da dutse? Kai da ka ce na haukace?"

"Har gobe ƙasa ce da dutse."

"To me ya kai ka?"

Ya ja kujerarsa ya zauna, ya dubi tafin hannunsa. "Tun watan Janairu zobena ya bugi naki ina ba agogo wani. Na ji abin da ya ce. Ina kallonki kina ƙara huda a ɗamara, kina zagin gishiri. Ni ban yarda da camfinki ba, Léonarde. Amma sifana tana nan a akwati, ba ta cin komai."

"Wawan tsoho! Jikin nawa ne, ko ka sa masa ƙafa goma. Kana tsammani a haka za ka ruɗi wanda zai zo ɗaukar rai?"

"Duk duniya ke kaɗai ce mai duba jiki," in ji shi. "Kowa juyawa yake ya karanta tambari, ke kika faɗa. Na ce ƙila shi ma irin Chabrely ne."

Tausayinsa da haushinsa suka haɗu mata, ta ɗauki damin albasar ta jefe shi da shi. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai miya.

Da yamma ta gwada filaya, ta gwada zarto. Ƙarfen ya ƙi. Hannun da ya yi shekara arba'in yana jefa gawayi ne ya doke shi, kuma ta san in ta matsa ƙafar ce za ta tsage, ƙafar da sunansa ke kai. Ta ɗaga tulun sama kamar za ta maka shi da ƙasa. Martial yana kujerarsa yana karatun jarida, bai ɗago ba ya ce, "Fasa mana. Amma ki fara tunanin na wa za ki fasa." Ta sauke hannu. Ta canza musu gefe a kan kantar, ta kai mataccen gefen kujerarta. Da safe ta tarar ya mayar.

Ranar Talata ta naɗe su a tawul ta kai wa Aubin, tsohon da ke gyaran ƙarafan kayan ado a bayan kasuwa. Ya duba da gilashi ya yi tsaki, ya ce wane maƙerin ne ya yi wannan ta'asa. Ya ce zai iya, amma sai ya goge kan ƙarfen a hankali, sai kuma ya samo sabon ƙarfe daidai kaurinsa. Ta ce yau take so. Ya ce, "Haba Madam, tulun da ya yi shekara ɗari da arba'in, kwana biyu ne zai gagare shi? Kawo su Alhamis da safe." Ta roƙe shi, ita da ba ta roƙo. Ya ce Alhamis. Ta kwaso su ta dawo gida, don ba ta iya barinsu su kwana a hannun wani ba.

Laraba ta hana Martial fita. Ya ce wake ba ya jiran kowa, in bai kafa masa sanduna yau ba zai kwanta. Suka yi faɗansu na kullum a bakin ƙofa, ta ce ya tafi kada ya dawo, ya ce ta ajiye masa ƙashin miya. Ta tsaya a taga tana kallonsa yana gangarawa da sanduna a kafaɗa, lafiyarsa ƙalau, har ya tsaya yana tsokanar mai burodi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi maƙwabcin lambunsa ya same shi zaune a kan kifaffen bokiti, bayansa jingine da bukka, fuskarsa ga rana. Ya gama kafa sandunan duka. Mutumin ya yi masa magana har sau biyu kafin ya gane ya riga ya cika. Likita ya ce zuciya ce, kuma ga mai shekara saba'in da ɗaya da ya sha hayaƙin tanderu ba abin mamaki ba ne. Léonarde ba ta yi masa musu ba. Ba ta koma wajen Aubin ba, don babu sauran abin da za a kwance.

Bayan wata guda Chabrely ya zo gaisuwa. Yana zaune idonsa ya kai kan tulunan, hali ya motsa, ya tashi ya juya ɗaya ya karanta, ya juya ɗayan.

"Kai, Madam, ashe kina ɓoye irin waɗannan! Cikakkun tagwaye, ba wanda ya taɓa su. Duk ranar da kika so rabuwa da su..."

"Aure ne," in ji ta.

"Aure? A gidanki? Ke da kika hana rabin garin nan barci?"

"Aure ne, na ce maka. Kuma duk yawon da muka yi da kai ban ga wanda ya kai shi inganci ba. Ajiye, kafin ka fasa."

Ta wuce saba'in, ta wuce tamanin. Ciwon bai sake dawowa ba, ko mura ba ta cika yi ba. Mutane suna yi mata barka da tsawon rai, ita kuwa sai ta ɗaure fuska, don ta san shekarun wa take ci. Mu da muke kusa mun ga wasu abubuwa da ba mu so mu yi magana a kansu ba. Ta karɓi lambun, ita da ba ta san wake daga ciyawa ba, kuma ya yi kyau a hannunta. Ta fara zuba jar giya a ragowar miya tana kurɓewa daga kwano. In an yi jana'iza sai ka gan ta a waje, bakin ƙofar coci. Duk ranar Laraba takan hau maƙabarta ta goge farantin tangaran mai ɗauke da sunansa da ke kan kabarinsa, ta tsaya tana yi masa faɗa da ƙarfi: wa ya sa shi, wa ya roƙe shi, ya bar ta da agogon da ba ta iya kaiwa sai ta taka kujera. Kewarsa ba ta ragu ba ko sau ɗaya, kuma ba ta yafe masa ba.

Tsoron da take yi wa tulunan ya tafi. Yanzu duk Lahadi in ta gama da agogo sai ta ɗalla wa na gefenta farce, jikin tulun Martial mai ɗauke da sunanta. Kullum sai ya amsa, amon ya cika ɗakin. Takan ce, "Har yanzu? Kai dai ba ka gajiya," ta sauko daga kujerar. Kunnenta ne kaɗai bai tsufa ba. Ido ya dushe, haƙoran cizon tangaran suka zube, amma tana daga ɗaki za ta ce wa maƙwabciyarta Fernande kofin da take wankewa ya tsage. Fernande ɗin ce ta zauna da ita a ƙarshe, ita ta ji labarin nan daga bakinta, a hankali, cikin shekaru.

A lokacin kaka, shekarar da ta cika casa'in da biyar, wata Lahadi da rana, Fernande tana riƙe mata kujera, tsohuwar ta ba agogo wani, ta miƙa farce kamar kullum.

Ƙwas.

Fernande ta ce ita gabanta ne ya faɗi. Tsohuwar kuwa ta sake ɗallawa don ta tabbatar, sai ta yi dariya, dariya sosai, har tana riƙe bakin kantar.

"Casa'in da biyar," ta ce. "Daidai na ubansa. Na cinye masa tas, ban bar ko kwana ba."

Ta sa aka sauko mata da tulun. Ta juya bayansa ta shafa, babu ƙuda. Ta kifa shi ta kai ƙasan kusa da idonta ta bi harafin da yatsa, ta tabbatar L ne, ba wanda ya sake yi mata wayo. Ta ce a ɗauko mata shuɗiyar rigarta da takalman fita. Fernande ta miƙa hannu za ta mayar da tulun kan kantar, ta buge mata hannu.

"Bar shi nan. Wancan karon an ruɗe shi, kada ya zo yana ta dube-dube."

Ta kwantar da shi a kan tebur, ta tokare shi da burodi kada ya gangara, ta juya ƙafar tana kallon ƙofa, yadda mai shigowa zai karanta tun daga bakin zaure.